Makullin Tankin A-kori-kurar Baba

Zuwa ga Mai Girma Babban Ɗan Gidanmu, Fitilar Zuri'a, Gwanin Gyaran Abin da Bai Lalace Ba, Yayana,

Gaisuwa ta ladabi daga ƙaninka, tare da addu'ar Allah ya ƙara maka lafiya, ya kuma ƙara maka tunani, domin na biyun ake da buƙata. Umma lafiya lau, ƙafarta ta yi sauƙi. Auta ta ci jarrabawa. Ni kaɗai ne zuciyata ke tafasa, kuma kai ne ka hura wutar.

Ka san ƙaramar a-kori-kurar marigayi Baba da ke fake a gindin katanga tun tafiyarka. Kawu ya yanke hukunci cewa in wata ya ƙare ba ta motsa da ƙafafunta ba, zai kira masu sayen tsohon ƙarfe su yanka ta, ya gina akurkin kaji a wurin. Motar da aka kai mu makaranta a bayanta! Na garzaya wurin tsohon bakaniken Baba, ya zo ya zagaya ta sau uku, ya cire hula. Ya ce kamfanin ya daina ƙera irinta tun kafin a haife ni, kuma shekara biyu kacal aka yi ana fitar da mai zagayayyun fitilu da murfin tanki mai makulli. Waɗanda suka biyo baya, in ji shi, tarkace ne. Ya ce masu tara tsofaffin motoci irin tamu suke nema ido rufe, amma da sharaɗin komai nata ya zama na asali, har ƙusa.

A nan tarihi ya gurfanar da kai. Wane ne ya cire zagayayyun fitilun ya liƙa mata masu kusurwa huɗu, wai don ta yi kama da 'yar zamani? Bakanike ya ce ka ɗauki dattijuwa ka sa mata tabarau na 'yan rawa. Kwana biyu na yi ina haƙa a ɗakin shirgi kafin na gano fitilun, ɗaya a cikin tsohon bokiti, ɗaya Umma na zuba maɓallai a ciki. Na mayar da su. Na kankare jan fentin da ka shafa wa ƙofar baya har yatsuna suka sale. Kawu kuwa kullum sai ya zo da igiyar awo yana gwada faɗin akurki a gabana, yana fito.

Yanzu taya ta sha iska, batir sabo ne, inji na jiran umarni. Amma tanki a bushe yake, murfinsa kuma a kulle. Bakanike ya rantse cewa in na fasa murfin nan, kada in ƙara gaishe shi, don babu inda za a samu wani. Saura kwana goma sha ɗaya.

Gaishe da matar Yaya, da 'yan biyu, da Gwaggo in ta zo muku. Umma na sa albarka, ko da yake ba ta san laifinka ba tukuna.

Batun makullin tanki kuwa, ya mai girma, ka duba zoben makullanka. Akwai wani ɗan guntun makulli mai tsatsa, wanda kake kankare katin waya da shi, wani lokacin har susar kunne. Ka wanke shi, ka aiko mini gobe.

Ƙaninka mai biyayya, wanda haƙurinsa ya kusa ƙarewa.