Na warware hannun rigar Malam

Don Allah 'yata mai wannan fili, ki cece ni. Na yi ta'asa da tsufana, kuma abin kunyar shi ne har yanzu daɗi nake ji.

Na haura sittin, jikokina tara. Wata biyu da suka wuce matar ɗana ta damƙa min kwarashi, ta ce in koyi saƙa 'yan faya-fayan nan da ake ɗora kofin shayi a kai, wai ko bakina ya huta da tsokanar mutane. Na farko ya tattare kamar hular jariri. Na biyu ya yi kunnuwa. Na uku kuwa, 'yata, ya kwanta lumui a kan tebur! Sai da na taka rawa ni kaɗai, gwiwoyi na ƙara. Tun ranar kwarashin na soke a ɗankwalina, ko kicin na shiga.

To, ranar da hannuna ya fi ƙaiƙayi sai zare ya ƙare. Na buɗe akwatin maigidana Malam, na ga wata tsohuwar rigar sanyi ruwan ƙasa, gwiwar hannu ta ɓule, rabon da ya sa ta shekara uku. Na ja bakin zare don in gwada kawai. Kin san zare, in kin ja shi biyo ki yake. Kafin la'asar hannun hagu ya tafi har kafaɗa, kafin mako ina da faifai shida, kowanne ya fi ɗan'uwansa kyau.

Mutumin da shekara arba'in bai taɓa yaba girkina ba, yanzu kullum da safe sai ya shafa faifan kafin ya ɗora kofi, wai launin na kwantar masa da rai, bai san dalili ba. Jiya yana shan shayi ya ce sanyi ya kusa, in fito masa da rigar da marigayiya yayarsa ta saƙa masa, ita kaɗai ta rage masa daga hannunta. Wallahi na ɗauka ta kasuwa ce! Shayi ya sarƙe ni har yana bubbuga min baya.

Na yi tunanin in ɗora wa ɓera, amma wane ɓera ne ke cin hannu ɗaya ya tsaya daidai kafaɗa? Kuma kar in ɓoye miki, idona na kan hannun daman. Ya zan yi?

Kaka mai kwarashi

AMSA

Kakarmu, barka da zama gwana. Amma kafin komai, ki rufe akwatin nan. Hannun dama ba naki ba ne.

Ba da mugunta kika yi ba, wannan a fili yake. Sai dai akwatin nasa ne, kuma tambaya ɗaya da ta isa. A wajensa ba ulu kika warware ba, aikin yatsun yayarsa ne. Ki bar ɓera ya huta. Ranar da Malam ya gane zaren da kansa, ƙaryar za ta fi hannun rigar yi masa ciwo.

Ki faɗa masa a makon nan, kafin ya sake tambaya. Ki ajiye rigar da faya-fayan shida a gabansa, ki faɗi yadda aka yi, ki ba shi haƙuri. Na san halinki daga wasiƙarki: ranar ban da barkwanci. In ya yi fushi ko ya yi shiru, ki ƙyale shi, haƙƙinsa ne.

Kafin nan, ki sa matar ɗanki ta kama bakin kafaɗar da allura don kada sauran ya zube. Daga nan zaɓi nasa ne. In rigarsa yake so, faya-fayan za su warwaru, a jiƙa zaren ya miƙe, ƙwararriya ta mayar da hannun. Zai yi miki zafi, amma wadda ta saƙa shida za ta saƙa sittin da zarenta na kanta. In kuma ya ce a bar su, ki tambaye shi ko 'ya'yan marigayiyar za su so ɗaya-ɗaya. Wataƙila su ko zare guda na mahaifiyarsu ba su da shi.

Allah ya jiƙanta, ya sanyaya zuciyar Malam, ya ƙara wa hannunki albarka.