Na'ura ta canza jeri, na sanar da rasuwar mai rai

Inna Kadidiya, don Allah ki taimake ni, tun ranar da abin nan ya faru abinci bai shiga cikina da daɗi ba.

Ni sakatariya ce a wani ƙaramin gidan rediyo nan Tawa. Aikina in karɓi sanarwar mutane in buga a na'ura mai ƙwaƙwalwa da muka samu bara. Kowace sanarwa sai an sa mata rukuni. Akwai jeri a gefe, Aure, Suna, Cigiya, Rasuwa, Kasuwa, kowane da ɗan akwatinsa da ake sa wa alama. Har idona rufe na san Suna shi ne na biyu.

Watan jiya aka turo wani ma'aikaci daga Yamai, Abdu, ya sabunta mana na'urar. Ashe yanzu duk rukunin da aka zaɓa sai ya yi tsalle ya hau sama, sauran su gusa. Ba wanda ya gaya mini. Ran Alhamis mutane sun cika biro, wato ofishinmu, ga zafi, ga wuta tana ɗaukewa. Wani manomi daga Affala, Malam Alƙasum, ya aiko a sanar an haifa mishi ɗa, 'yan'uwa su taru gidansa ran Lahadi da hantsi. Na rubuta a taru gidan Malam Alƙasum, na danna na biyu, na wuce. Inna, ashe sanarwar da na buga kafin nan sun juya jerin, na biyun nan ya zama Rasuwa. Haka aka fitar da takarda, haka mai gabatarwa ya karanta, har da addu'ar Allah ya jiƙansa.

Mahaifiyarsa tana Takanamat, a rediyon maƙwabta ta ji, nan take ta yanke jiki ta faɗi. 'Yan'uwa suka taho da kuka, suka iske mutum tsaye a ƙofar gida yana ba ragon suna dusa. An ce wata ƙanwarsa da ta gan shi gudu ta yi. Tsohuwar har yau hannunta na hagu bai ɗagawa.

Shugabanmu ya ce laifina ne ni kaɗai, in yi shiru kar a ɓata sunan gidan. Abdu ya ce haka sabon tsari yake ko'ina. Ni kuwa tsoron na'urar nake ji yanzu. In bar aikin ne? Ni ke riƙe da gidanmu, kuma kin san yadda aiki ya yi wuya. In tafi Affala, da wane ido zan dube su?

Mai neman mafita, Tawa

Ɗiyata, na karanta wasiƙarki sau biyu ina salati. Amma share hawaye, mu yi magana.

Kina da naki rabon laifi. Hannu ya saba, gaskiya ne, amma aikin ido ne ya duba kafin a danna. Sai dai ba ke kaɗai ba ce. Wanda ya sauya jerin bai yi don mugunta ba, so yake abin da aka zaɓa ya fito fili. Kuskurensa shi ne bai tambayi mai aiki da shi kullum ba, bai kuma sanar da ita ba. Mai gabatarwa ma ya ga sanarwar rasuwa ba ranar mutuwa ba lokacin jana'iza, bai tsaya ya tambaya ba.

Kar ki bar aikinki. Ki sami shugabanku cikin ladabi ki roƙi a kira Abdu ya mayar da jerin yadda yake, a sa alama ko kar a sa, kowane rukuni ya zauna wurinsa. Wanda ya iya sa shi tsalle ya iya tsayar da shi. Kafin nan, ki riƙa karanta rukunin da baki, kuma sanarwar rasuwa kar ta fita sai mutum na biyu ya gani.

Maganar yin shiru kuwa ban yarda ba. A rediyo aka yi ɓarna, a rediyo za a gyara. Sannan ki nemi wani dattijo ya raka ki, ku fara da Takanamat wurin tsohuwa kafin Affala. Kar ki kai mata labarin na'ura, ba ta san ta ba. Ki durƙusa ki ce kin yi kuskure, ki nemi gafara. Ko ta kau da kai ranar farko, ki koma.

Allah ya ba ta lafiya, ya raya yaron, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Inna Kadidiya