An Hana Yarana Ihu A Filin Kareti

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni kam na gaji.

Ni malamin firamare ne a Birnin Gwari. Na koyi kareti lokacin da nake karatu a Zariya, ban yi nisa ba, amma ina da abin da zan koya wa yaro. Da, in aka yi dogon hutu ba ka ganin yaro a gari, duk suna gona. Yanzu gonakin bakin daji babu mai zuwa saboda 'yan bindiga, yara sai zaman ƙofar shago da jifan ƙadangaru. Shi ne na roƙi hedimasta ya bar mini filin makaranta, nake tara su da hantsi bayan sun taso daga makarantar allo. Cikin sati biyu sun kai talatin, maza da mata.

A kareti, in za a kai naushi ana yin ihu guda, gaba ɗaya, da ƙarfi. Wallahi wannan ihun suka fi so, ko ruwa ake yi sai sun zo. Cikinsu har da Nusaiba, 'yar ƙanina, shekararta tara. Tun da aka kashe mahaifinta a gona ta wajen Dogon Dawa ta dawo hannuna, ba ta magana sai raɗa, sai ka sunkuya kake jin ta. Ranar da na fara jin muryarta ta fito sama da ta kowa a filin nan, juya baya na yi kamar ina gyara takalmi, don kada yara su ga idona.

To ashe a gidan da ke jikin katangar makaranta an yi baƙuwa, wata tsohuwa da ake ce wa Iya, kwananta uku da gudowa daga wani ƙauye ta wajen Kakangi. Tana shanya a tsakar gida ta ji yara talatin sun kurma ihu lokaci guda, ta yar da ƙwarya ta ruga, ta zame a taɓo ta karye a hannu. Matan gidan suka fito a guje, maƙwabta suka gani suka bi, mai shayi ya bar butarsa a wuta, har 'yan sa-kai sun fito. Ni ina can ina ƙirga ɗaya, biyu, ban san abin da ake ciki ba.

Mai unguwa ya kira ni. Bai zage ni ba, amma ya ce a garin nan ba a wasa da ihu, ko in hana ko in rufe wurin. Na ce masa ihun wani ɓangare ne na horon, ya ce in tafi in yi wa Iya wannan bayanin. Na yi masa sallama na fito.

Yanzu a shiru muke yi, ka ga yara suna kai naushi baki a rufe kamar masu jiran allura. Na sai alawa, na sa tela ya ɗinka musu bel kala-kala, na haɗa gasa, duk a banza. Jiya su tara suka zo. Na gwada shiga aji na rufe tagogi, kwanon rufin ya ƙara wa ƙarar ƙarfi. Wani abokina ya ce in fita da su bayan gari, na ce masa ya fara kai nasa 'ya'yan.

Na je gaida Iya, ta riƙe hannuna ta ce, “Ɗana, ba laifinka ba ne, ƙafafuna ne ke gudu kafin in yi tunani.” Gara ma da ta zage ni.

Yau da safe na ce wa Nusaiba ta sa kayanta mu tafi, ta girgiza kai. Sai da na durƙusa kusa da bakinta na ji tana cewa, “Baffa, in ba a ihu ba ni zuwa.”

Jama'a, saura sati uku a koma makaranta. In koma in roƙi mai unguwa, alhali na ga hannun tsohuwar nan a ɗaure? Ko in zuba ido yarinyar nan ta sake yin shiru? Me za ku yi in ku ne?