Minti Arba'in a Kan Igiya

Lahadi, 6 ga Oktoba 2024

Yau aka sallamo ni daga asibiti. Minti arba'in na yi ina reto a jikin bene, hawa na ashirin da biyu, igiyar da nake wankin gilashi da ita ta maƙale, ɗamara ta shaƙe min cinyoyi. Bawah ne ya kamata ya tsaya a sama yana lura da igiyata. Ba ya nan. Ɗan unguwarmu Nima a can Accra, wanda ni na koya wa aikin!

Talata, 8 ga Oktoba

Dakta Audi, Bakanon da ke ƙaro karatu a nan, ya leƙo ɗakinmu a unguwar Fereej Abdel Aziz, nan ƙasar Larabawa da muke ci-rani. Ya ce abin da ya same ni dangin abin da ke kashe mutum ne a kan gicciyen Rumawa: jini ya taru a ƙafa, ya ƙi komawa zuciya. Na ce ya ƙara min bayani. Shi a zatonsa ilimi nake nema.

Laraba, 9 ga Oktoba

Wuni na yi ina karanta labarin gicciyen a waya. Bayi da 'yan tawaye suka fi yi wa. Wani a ɗaure shi da igiya, wani a buga masa ƙusa. Har an tono ƙashin diddige da ƙusarsa a ciki. Hannuwa a miƙe, nauyin jiki na jan ƙirji, sai mutum ya tura kansa sama da ƙafa kafin numfashi ya fita. Wasu har kwana uku. An taɓa jera bayi dubu shida a bakin hanya guda. Kowanne fuskar Bawah nake sa masa. Allah ya yafe min, daɗi na ji.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Bawah ya kawo min waakye, shinkafa da wake irin ta gida. Na bar shi a bakin ƙofa har ya yi tsami.

Litinin, 14 ga Oktoba

Ranar Alhamis kamfani zai zauna a kan maganar. In na ce Bawah ya bar wurinsa, shi ke nan, sai jirgin Accra. Kuma gaskiya ce. Abin da na ɓoye: a rediyon hannu na ji foman yana daka masa tsawa, "Yalla, yalla," wai ya sauko ya sauke kaya daga mota. Foman ya musanta. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban ga abin buɗe baki ba. Shi Bawah ba shi da bakin cewa a'a?

Talata, 15 ga Oktoba

Zalihatu ta kira daga gida: "Maigida, matar Bawah ta zo min da kuka. Me zan ce mata?" Na ce ta jira. Su ma su ɗanɗana jira. Rumawa kan kafa wa mutum ɗan katako ya ɗosana a kai, ba don tausayi ba, don ya daɗe bai mutu ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Bawah ya tare ni bayan la'asar. Ya rame. "Yaya Ganiyu, ko me za ka faɗa gobe, gaya mini yanzu. Ba na iya ci, ba na iya komai." Na wuce abina. Ƙafata ta hagu har yau kamar ba tawa ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na ce ya bar wurinsa. Aka rubuta. Bawah ya sunkuyar da kai. Sai na ji bakina yana zayyana zancen rediyo, foman yana ta hararata. Na san daga yau ni zai sa a gaba.

Ban yafe wa Bawah ba. Jerin aikin Lahadi ya fito, shi aka sa a saman igiyata. Ban ce a canja ba.