Sunanki a Jikin Gangar Wiski

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa da ladabi cikin sunan Ubangiji. Na san kina hutawa a wurin da babu ciwo. Ni ce dai ban huta ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Mama, aikin da na samu a Birmingham ba na kamfanin hatsi ba ne, kamar yadda na faɗa wa mutanen cocinmu a unguwar Perry Barr. Wiski muke yi. Ɗan ƙaramin wuri ne, mu bakwai. Daga gonakin da ke kusa muke sayen sha'ir, mu jiƙa shi ya tsira, mu dafa, mu tace.

Za ki yi dariya idan kin ji abin da suke alfahari da shi. Dusar da ta rage a kai wa shanun wani manomi, ruwan zafi kuma a sake amfani da shi. Har takarda suka manna a bango, wai kare muhalli. Ashe ke ma muhalli kike karewa a Kafanchan da kike zuba wa aladu dusar burukutu, ba wanda ya ba ki lambar yabo.

A watana na biyu tsiron sha'ir ya fara lalacewa. Suna ta duba na'ura, ni kuwa na tura hannu ciki kamar yadda kike yi wa dawa, na ji ya yi zafi. Kin sha ce mini, "Tsiro kamar jariri ne, a juya shi kafin ya yi kuka." Muka juya, muka baza, ya tsira lafiya. Baturiyar da ke da wurin ta tambayi wanda ya koya mini, na ce uwata. Sai ta ce gangar katakon da za a zuba wannan wiskin ya yi shekara uku a ciki, sunanki za a rubuta mata.

Nan kaina ya ɗaure. Na tuna ranar da kika shiga zumuntar mata ta coci, kika fasa tukwanenki na burukutu ɗaya bayan ɗaya a bayan gida, ba ki ce wa kowa uffan ba. Amma kuma na tuna, har kika tsufa ba kya wuce tsiron dawa a kasuwa ba ki damƙa kin shinshina ba. To wacce ce ke, Mama? Kunyar sana'ar kika ji, ko mu kika cire wa kunya?

Na kira Yaya Bulus a Manchester. Ya ce kin tuba kin bari, kada in tono abin da kika binne. Gaskiya ce ya faɗa. Amma da waɗannan tukwanen aka kai shi makaranta, wannan ma gaskiya ce.

Ranar Juma'a aka miƙo mini alli. Na tsaya a gaban gangar har aka fara kallona, sannan na rubuta Rifkatu. Ban san ko girmama ki na yi ba, ko tona miki asiri.

Tun ranar Yaya bai sake ɗaga wayata ba. Shirunsa na gane shi sarai, fushi ne. Naki ne na kasa fassarawa, kuma shi ne yake cin raina.

Ubangiji ya ƙara miki hutu, ya sanyaya zuciyar Yaya. Idan laifi na yi, Mamana, ki yafe wa autarki.

Taki har abada,
Saratu