Jar Saniyar Bappa

Gidan Rumji, Agusta 1960

Zuwa ga Yaya Maijidda a Cadawa,

Gaisuwa mai yawa. Ina lahiyarki, da maigidan, da yara? Ina ruwa? Mu nan gero ya yi kyau, amma Yaya, bakina ɗaci gare shi.

Kin san ƙanenmu Isaka ya dawo daga Katsina da wando da Ingilishi. Kome aka tambaye shi, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce sem-sem. Wai Turawan can cewa suke shida da rabin dozin duk abu guda ne. Da dariya muke masa.

Ranar bikin 'yancin kai Isaka ya yi wa mai gari alkawarin saniyar yanka. Inna ta yarda a ba da juyar nan tamu, tunda ta ƙi haihuwa. Muna gona mahauci ya zo, ya iske jajaye biyu a turke, ya tambayi wacce. Isaka ko dubawa bai yi ba, ya ce shida da rabin dozin.

Yaya, Woɗe suka kwance! Woɗe, jar saniyar Bappa Jika yayan Baba, habbanayen da ya ɗaure mana shekarar da Baba ya rasu, mu sha nono, ta haifa mana uku mu mayar masa da abarsa. Inna lillahi! Da aka farke cikinta sai ga ɗan maraƙi, na ukun ke nan. Ni kuwa har na ci naman a wurin kiɗa ban sani ba.

Isaka ya ce a kai wa Bappa juyar, ai duk kanwar ja ce, tsoho ba zai gane ba. Ki ji fa! Ki sa mu a addu'a.

Taki, Furera

Gidan Rumji, bayan ranar kasuwa

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafar 'yarki Nana ta warke. Bappa ya zo da kansa, tun kafin a kai masa juyar.

Isaka ya riga kowa zuwa turke, ya jawo juyar yana washe baki. Bappa ya tsaya nesa ya kira sunan Woɗe, irin kiran nan da take amsawa tun daga bakin rijiya. Saniya ta ci gaba da tuƙarta. Ya sake kira. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Inna ta durƙusa ta faɗa masa gaskiya tana kuka. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce uwar Woɗe da kakarta daga garken kakanmu suka fito, ita ce ta ƙarshe. Ya ce Inna ta riƙe juyar, dabba ba ta da laifi. Sannan ya sa Isaka ya maimaita masa maganar Turawan, ya saurara har ƙarshe, ya ce ya koyi abu.

Da zai tafi Isaka ya bi shi da sandar da ya manta yana Bappa, Bappa. Bappa ya karɓa, ya yi masa godiya irin wadda ake yi wa baƙo, ya tambaye shi ɗan wane gida ne. Ya ce idonsa ya tsufa, shi yanzu da ɗan ƙanensa da mai wucewa a hanya, sem-sem.

Tun ranar Isaka bai ƙara Ingilishi ba. Hausar ma ba ya yi.

Ki zo, Yaya, ko ke Bappa zai saurara. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki, Furera