Faifan da Bulus ya rataya a babur

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya zaman Legas, ya maigida da yara? Ya kuma ƙarin haƙurinmu?

Na'urar wayales da kika aiko don in kama intanet daga ɗakina ta iso Samaru, amma kwamfutata ta ƙi gane ta. Mai gyara a Sabon Gari ya ce, "Oga, ina faifan direbanta? In babu shi, babu aiki." Direba ita ce manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar. Ashe Bulus ɗan Kawu, da kika ba saƙon, ya rataya faifan a babur ɗinsa don ado, rana ta lanƙwasa shi. Raina ya ɓaci, amma ban zage shi ba, duk 'yan acaɓa haka suke yi. Wani faifan direban da aka samo kuma na tsohon tsari ne, kwamfutata sabuwa ce.

Na san za ki ce in je kafen intanet. Yaya, ciwo ya hana ni zuwa jana'izar Baba. Ba zan buɗe hotunan jana'izar da kika turo mini ta intanet ɗalibai na leƙe ta kafaɗata ba. Zan jira.

Ki sa ni a addu'a, shirun ɗakin nan ya yi yawa. Ki gai da Mama, kada ki gaya mata ban ga hotunan ba tukuna.

Ƙaninki,
Ayuba